Hayaƙin Tudorel, Shanyar Didina

Duk wanda ya taɓa zama a unguwar Bayan Dogo ya san Tudorel. Wanda bai san fuskarsa ba ya san hayaƙinsa. Shi ne matuƙin gwaji a masana'antar ƙera kawunan jirgin ƙasa. Duk kan jirgin da aka gama haɗawa, kafin a miƙa shi ga masu shi, Tudorel ne ke hawa ya fita da shi ta ƙofar baya, ya bi ɗan layin dogon da ya ratsa tsakanin gidajen unguwar da lambunan kabeji, ya dangana da tsohuwar gada, ya juyo. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, da gashin baki kamar burushin goge takalmi. Tun yana saurayi yake kwantar da sumarsa gefe guda da ruwan sukari, har sumar ta gaji ta tafi ta bar masa matajin, wanda har yau yana nan a aljihunsa na gaba.

A wani ƙauye na bakin kogin Jiu a ƙasar Romaniya aka haife shi, ubansa manomin kankana ne. Ya shigo birni yana ɗan shekara goma sha bakwai, da akwatin kwali da kwalbar tsuika, barasar gida da uwarsa ta ce ya miƙa wa duk wanda ya ga alamar shi ke ɗaukar aiki. Ya miƙa wa mai gadi, don shi ya fi kowa kyan hula. Duk da haka aka ɗauke shi. Ya fara da shara, ya koma ɗaure noti, ya koma wanke injin. A wancan zamani masana'antar na zubo kawunan jirgi kamar kaza mai ƙwai, ana lodin su zuwa Bulgeriya da Poland, har ƙasar Sin. Sau ɗaya aka tura shi rakiya zuwa tashar ruwa ta Konstantsa. Yana tsaye ƙugiya ta cafki kan jirgin da ya wanke da hannunsa, ta ɗaga shi sama kamar mage ta ɗauki ɗanta, ta dire shi a cikin jirgin ruwa. Tudorel ya share ido ya ce gishirin teku ne. Daga bakin ruwan nan bai taɓa ƙara gaba ba, amma in ka same shi a mashaya ya sha kofi biyu, zai ba ka labarin sanyin ƙasar Sin da halin mutanenta, tun da injinansa suna can, kuma a wurinsa inda injinka ya je kai ma ka je.

Bai yi aure ba. In an tambaye shi sai ya ce injin ya aura, ba gori, ba dangin mata. Mutane suka karɓi maganar don tana da daɗin maimaitawa. Ƙarya ce, kuma abokinsa Fanel, wanda ya gaji kujerar gadin ƙofar masana'antar, ya san ƙarya ce, don a bikin auren Fanel ɗin aka ƙulla abin.

Ana tsakiyar rawa, masu goge sun jiƙe da zufa, Tudorel ya tattaro duk ƙarfin halin da Allah Ya ba shi ya miƙa wa wata yarinya hannu. Didina sunanta, ma'aikaciyar masaƙa, doguwa, mai dariyar da ake ji daga wancan titin. Ta dubi hannun, ta dubi baƙin man da ya yi gida a ƙarƙashin faratan, ta ce ya yi haƙuri, rigarta fara ce. Ba da wulaƙanci ta faɗa ba. Da ma da wulaƙancin ne, da ya fi sauƙin haɗiya. Ta juya ta ba Marin wanzami hannu, mutumin da tafinsa ke ƙanshin turare ko ranar da bai yi wanka ba. Kafin shekara ta zagayo ta aure shi, suka tare a wani ɗan gida mai koren shinge, wanda tsakar gidansa ke kallon layin gwaji.

To, masana'antar tana da wata al'ada tun zamanin wani tsohon darakta da matarsa ta taɓa hana shi sakat a kan labule. Ranar gwaji mai gadi zai busa jiniya da hantsi, matan Bayan Dogo su kwashe shanyarsu. Wadda hayaƙi ya ɓata wa kaya duk da haka tana da haƙƙin ta zo bakin ƙofa da shaidarta, matuƙin da ya yi ɓarnar ya sauko da kansa, ya cire hula, ya ba ta haƙuri, ya miƙa mata sandar sabulun masana'anta, irin mai ruwan ƙasan nan da ke warin tsohon bunsuru. Ba wanda ya rubuta wannan doka, shi ya sa ba wanda ya taɓa karya ta.

Ranar da aka fara ba Tudorel tuƙin gwaji, ya zo daidai koren shingen sai ya ga igiya cike da fararen zannuwan gado, matar wanzami na tsaye a tsakaninsu tana karkaɗe wani. Kada wani ya ce maka so ne ya motsa hannunsa. Ranar nan mugunta ce tsagwaronta. Tsohon injin dizal yana da wani hali da kowane matuƙi ya sani: in ka bar shi yana gurnani ƙasa-ƙasa sannan ka fizge totur gaba ɗaya, mai zai malala ciki kafin fankar da ke hura masa iska ta farka, sai ya amayo baƙin hayaƙi mai maiƙo, irin wanda ba ya tashi sama, sai dai ya nemi abu fari ya zauna a kai. Tudorel ya fizge. Ba rigarta fara ce ba?

Kafin injin ya huce ta iso ƙofa da zanen a kafaɗa. Abin da ta faɗa masa ranar, Fanel ya haddace shi, yana rera wa sababbin ma'aikata kamar waƙa. Ta kira shi tukunyar gawayi, ta kira shi bunsurun da ya faɗa ramin kwalta, ta ce ko uwarsa in ta gan shi sai ta nemi shaida. Tudorel ya tsaya da hula a hannu ya ce mata, Domna Didina, wato Uwargida Didina, iska ce, shi ba shi da iko da iska. Ya miƙa sabulu. Wajen karɓa yatsunta suka gogi nasa, baƙin man da ta guje wa a wurin biki ya shafe ta, ba ta ko lura ba don tana tsakiyar zagin kakansa. Ya koma ciki yana taka ƙasa kamar katifa. A ranar ya gano abin da ya riƙe shi shekara talatin: mace na iya ƙin rawa da kai, amma ba ta iya ƙin faɗa da kai in ka ɓata mata wanki.

Daga nan abin ya zama kamar ibada. Jiniya na busawa, matan unguwa su kwashe kaya, igiyoyi su yi fayau, ban da ta gidan mai koren shinge. Didina ta ce masaƙa ta cinye mata kunnen hagu, ba ta jin jiniya, alhali matar nan tana jin an buɗe tukunya a gida na uku. Marin ya taɓa ba ta shawarar ta sauya ranar wanki, ta tambaye shi ko shi ke wankin. Ya koma kan askinsa. Ita ta rantse ba za ta ɗaga ranar wankinta saboda wani ɗan ƙauye ba. Shi kuma ya rantse ba zai lallaɓa injin gwamnati saboda kamfan wanzami ba. Kowannensu ya yarda da rantsuwarsa, don babu ƙaryar da ta kai wadda mutum ke yi wa kansa ƙarko. Ba ta taɓa kiran sunansa ba. Mai gawayi take ce masa, in ta ga dama kuma, kai wannan.

Gwamnati ta faɗi, wata ta hau, aka sayar da masana'antar, aka sake sayarwa, ma'aikata dubbai suka koma ɗaruruwa, rabin unguwa ya tafi Italiya da Sifaniya neman abinci. Aka rage ƙera sababbi, aka koma farfaɗo da tsofaffi. Faɗan bakin ƙofa bai san ana yi ba.

Sau ɗaya abin ya tsaya, shekarar da Marin ya faɗi matacce a shagonsa da almakashi a hannu. Didina ta shiga baƙaƙen kaya, igiyarta ma baƙi ta ɗauka, hayaƙi kuwa ba shi da abin da zai yi wa baƙi. Shekarar nan Tudorel ya riƙa wuce koren shingen a hankali, injin na numfashi sama-sama kamar mai ratsa maƙabarta. Ya je jana'iza ya tsaya can baya, ya ci dafaffiyar alkamar sadaka, ya yi baƙin ciki na gaske, sannan ya ji kunyar wani ɗan abu da ke tsalle a ƙarƙashin baƙin cikin. Da aka yi addu'ar cika shekara, a gwajin da ya biyo baya, sai ga farin zane ɗaya tilo a igiya. Saura kaɗan ya manta inda birki yake.

Mai hankali zai ce ai hanya ta buɗe. Fanel ma haka ya ce, ya ƙara da cewa mutumin da ke juya dutsen ƙarfe da hannu ɗaya bai kamata ƙofar katako ta gagare shi ba. Tudorel ya ce ana yi wa mamaci kara. Aka shekara goma ana yi wa mamaci kara. Gaskiyar ita ce, in ya ƙwanƙwasa ƙofar nan da furanni, ana iya duban hannunsa a sake ce masa a'a, kuma a wannan karon ba rawa ɗaya zai rasa ba. Gara zagin da yake da tabbas a kai.

Sai Turai ta shiga tsakani. Tun da Romaniya ta shiga Tarayyar Turai ake ta matse dokar hayaƙi, mataki bayan mataki, har aka kai inda ba a yarda a ɗora wa kan jirgi sabon injin ba sai wanda numfashinsa ya kusa kai na jariri tsabta. Sorana ce ta tara su ta yi bayani, babbar injiniyar masana'antar, 'yar wani abokin aikin Tudorel da ciwon huhu ya ɗauke. Nea Tudorel, wato Baba Tudorel, take ce masa tun tana 'yar ƙarama tana kawo wa babanta abincin rana. Sababbin injunan, in ji ta, suna da matatar da ke kama baƙin tun a maƙogwaro, da tankin wani ruwa mai ɗan warin fitsari da ake fesawa cikin hayaƙin, da na'ura mai ƙwaƙwalwa da ke zaune tsakanin hannun matuƙi da mai. Tudorel ya ce shi dai bai taɓa jin inda jirgi ya sha fitsari ya yi ƙarfi ba. Sorana ta ce babanta ma haka zai ce, da tari ya bar shi.

A gwajin farko, daidai koren shinge, ya fizge totur har kafaɗarsa ta yi ƙara. Na'urar ta yi shiru kamar surukar da aka roƙa abu a gaban baƙi, ta yi nazari, sannan ta ƙara mai a hankali, cikin ladabi. Abin da ya fito ta bututu iska ce mai ɗumi. Zannuwan suka kaɗa, suka koma farare yadda aka shanya su. Ta wutsiyar ido ya hango Didina tsaye riƙe da ƙugu, baki a buɗe, an shirya zagi babu inda za a sauke shi.

Unguwa ta yi murna, kuma da gaskiyarta. Mutane suka yi wa gidajensu farin fenti, tsattsewa suka dawo sheƙa a ƙarƙashin rufi, kabeji ya daina zuwa da ɗanɗanon gareji. Shi kansa Tudorel tarin da ke tashinsa kowace safiya ya tafi, abin da bai taɓa yafe wa Turai ba. Aka kwance jiniya, aka rufe ɗakin sabulu. Didina ta ci gaba da shanya na ɗan lokaci, sannan 'yarta da ke aiki a Italiya ta aiko mata da injin wanki mai busarwa, igiyar ta zauna tsirara. Su biyun suka koma haɗuwa a kasuwa, inda ba su da abin ce wa juna sai barka da rana, su wuce da sauri kamar waɗanda suka taɓa yin laifi tare. Tudorel ya rame. Gashin bakinsa ya sunkuya. Likita ya duba shi ya ce huhunsa bai taɓa kyau haka ba.

Ana nan sai ga ciniki daga wata mahaƙar ma'adinai a Kazakistan. Can dokar Turai ba ta kai ba, ruwan tankin nan daskarewa yake yi a sanyinsu, makanikansu kuma sun fi son injin da ke jin maganar guduma. Kan jirgi ɗaya suke so mai tsohon injin, a gyara shi tsaf. A rumbun masana'antar irin injin saura ɗaya tak; daga shi shi ke nan. Hukumar muhalli ta yarda a fita da shi gwaji sau ɗaya, a lallaɓa, tun da barin ƙasar zai yi.

Tudorel ya ji labarin a ɗakin cin abinci, ya ƙware da miyar wake. Sorana ta kira shi ofis ta rufe ƙofa. Ta ce yanzu kowa a unguwa na da waya mai ɗaukar hoto, baƙin hayaƙi ɗaya ya isa hukuma ta sauko musu, kuma in hakan ta faru ba ta da yadda za ta yi sai ta sauke shi daga tuƙi, ya tafi fanshon da dama shekarunsa sun kai. Ya dafa ƙirji ya ce ko jariri aka ba shi ba zai lallaɓa shi kamar yadda zai lallaɓa injin nan ba. Ta daɗe tana kallonsa. Labarin zuciya a tambayi fuska, fuskar Nea Tudorel kuwa haske take kamar an kunna fitila a ciki.

Makon nan ya zama abin kallo. Ya kai wa mai aski kan da ba komai a kansa, ya zauna aka yi masa hidimar mai suma. Ya sayi farar riga. Ya zauna da lemon tsami da tsohon burushin haƙori yana yaƙi da baƙin faratansa har yatsun suka yi ja. Da yake ɗakin sabulu a rufe yake, ya shiga kantin magani ya zaɓi wani mai ƙanshin furanni a cikin takarda mai ruwan hoda, ya ce wa mai kantin na ƙanwarsa ne. Duk gari an san ba shi da ƙanwa. Saura maganar jiniya. Babu ita, to ta yaya matar da ba ta jin jiniya za ta san ranar da ba za ta ji ba? Sai ya tafi kasuwa ranar Asabar, ya tsaya kusa da teburin cuku inda Didina ke ciniki, ya shiga gargaɗin wani mai albasa da babbar murya cewa ranar Alhamis kowa ya kwashe shanyarsa, tsohon injin zai fita, na ƙarshe ne, baƙinsa ba ya jin sabulu. Mai albasa ya ce shi a ƙauye yake, shanyarsa ba ta kusa da dogo. Tudorel ya ce duk da haka. Didina ba ta waiwayo ba. Ta ɗanɗana cuku, ta ce gishiri ya yi yawa, ta tafi abinta.

Ranar Alhamis gari ya waye tas, da 'yar iska mai kaɗawa daga dogo zuwa gidaje, irin wadda ko roƙo aka yi ba a samun ta fi haka. Kan jirgin na tsaye cikin sabon shuɗin fenti. Su uku suka hau: Tudorel, Sorana, da wakilin masu saye, wani ƙato mai fara'a da ake kira Yerlan, wanda ba ya jin yarensu sai Sorana ta juya masa da Rashanci. Awon hayaƙin da cinikin ya rataya a kai an riga an yi shi a cikin rumfa, injin ya haye. Yau birki da ƙafafu za a gwada. Tudorel ya tayar. Gurnanin ya taso ta tafin ƙafarsa ya hau har haƙoransa, ya ji kamar wani tsohon aboki ne aka sako daga kurkuku.

Suka fita ta ƙofar baya, Fanel ya sara musu. Lambun kabeji, gidan mai kare, gidan mai inabi, koren shinge.

Igiyar babu komai a kanta. Tsuntsu ɗaya ne zaune, shi ma ya tashi. Tagogi a rufe.

Hannun Tudorel ya mutu a kan totur. Suka wuce sumul, ko tururi bai fito ba. Sorana ta dafa kafaɗarsa ta ce ya kyauta, ta gode, kuma tun da aka haife shi ba a taɓa yi masa zagin da ya kai godiyar nan ciwo ba. Ya shiga yi wa kansa hisabi. Ashe matar nan da gaske wanki take yi duk shekarun nan. Ashe kunnen da gaske ya mutu. Ashe shi kaɗai yake kiɗansa yake rawarsa, tsoho da farar riga da sabulu mai ruwan hoda a aljihu.

A gada aka gwada birki. Yerlan ya sauka ya leƙa ƙarƙashi, ya ƙwanƙwasa nan, ya shafa can, ya ɗauki hotuna, ya kira gida ya jiyar da wani ƙarar injin ta waya. Duk tsawon lokacin nan injin na gurnani a tsaye, yana tara baƙi a maƙogwaro. Tudorel na ji a jikinsa, yana cewa a ransa tara banza. Suka koma ɗakin tuƙi na ɗaya ƙarshen, suka kamo hanyar gida.

Tun daga kwana ya hango fari. Ba igiya ɗaya ba. An ja wata daga bishiyar tuffa zuwa shinge, wata daga shinge zuwa rijiya. Zannuwan gado, rigunan matashin kai, labulaye, har mayafin teburin da ba a fiddo shi sai ranar Ista, duk tsakar gidan ya koma kamar jirgin ruwa mai filafilai. Da suka matso, idon da ya shekara talatin yana karanta igiyar nan ya ga abin da wani ba zai kula ba: kayan ba su da nauyin ruwa. Tashi suke kamar takarda, kowane zane da karin gugarsa, yadda ya fito daga akwati. A tsakiyarsu Didina na tsaye, ta juya wa dogo baya, tana gyara abin da ba ya buƙatar gyara.

Sorana ma ta gani. Ta ga shanyar, ta ga hannunsa.

"Nea Tudorel," ta ce a hankali, "in ka ja, ka sauka ke nan."

"Na sani, 'yata."

Ta yi ajiyar zuciya, ta miƙa hannu ta rufe tagar da ke gefenta.

Ya fizge.

Tsohon injin ya yi shiru na ƙiftawar ido kamar mai jan numfashi, sannan ya saki duk abin da ya tara. Baƙin ya fito a dunƙule, ya murɗe, ya tsaya a sama kamar hadari na zaɓen gida, iskar nan mai albarka ta ɗauke shi ta kife a kan koren shinge. Rana ta ɓace. Karnuka suka ɗauki haushi, kaji suka shige akurki suna zaton magariba ce. Tudorel ya zuro rabin jikinsa ta taga yana dariya, baƙin na sauka a kan farar rigarsa, ya danne oda ya ƙi saki. Yerlan ya zaro ido ya tambayi abin da ya lalace. Sorana ta ce masa, ba tare da fuskarta ta motsa ba, al'adar garin ce, haka ake sallamar duk kan jirgin da zai bar ƙasa. Mutumin ya ji daɗi ƙwarai, ya cire hula.

Kafin a kashe injin duk masana'antar ta hallara a bakin ƙofa, har masu fenti da takunkumi a wuya. Fanel ya jawo kujerarsa gaba. Sai ga ta tafe ta tsakiyar titi, zane a kafaɗa, tana haki, da jan-baki a leɓenta, abin da ba a taɓa jin an shafa don wanki ba. Tun daga nesa ta fara. Zagin da ya daɗe a rufe ya fito da ƙarfinsa. Tukunyar gawayi ta dawo, bunsurun kwalta ya dawo, aka ƙaro sababbin da ta tanada, har da wanda ya biya ta Kazakistan. Yerlan ya ji sunan ƙasarsa ya rusuna. Tudorel na tsaye da hula a hannu, ido a lumshe, kamar mai shan hantsi.

Da ta tsaya jan numfashi, kowa ya jira ya ce iska ce. Sai ya kama gefen zanen ya murza a tsakanin yatsunsa.

"Domna Didina, zanen nan a bushe kika shanya shi. Ga karin guga."

Fanel ya sunkuyar da kai yana nazarin takalminsa. Wuyan Didina ya yi ja, jan ya hau har kunnen da ba ya ji.

"Kai kuma fa?" ta ce. "Da ka wuce da farko kamar ɓarawo, iskar barci take yi?"

"Ai ba ki shanya komai ba."

"Ina tsaye a bayan labule, na ce bari in ga tsohon banzan nan ko zai yi ba dalili. Ko tari ba ka yi ba. Shekara talatin, kullum sai an ba ka dalili."

Sai ya zaro sabulun. Ta dubi takardar mai ruwan hoda, ta dubi hannun da ke riƙe da ita, da faratan da aka kankare har suka kusa jini. Ta daɗe a kan faratan. Sannan ta tambaya ko da gaske wannan ne injin na ƙarshe. Ya ce na ƙarshe ne, shi ma an sauke shi. Sorana, daga inda take tsaye, ta gyaɗa kai.

"Babu sauran ranar da zan zo nan ke nan," in ji Didina. Ta warware zanen ta jibga masa a ƙirji, a kan abin da ya rage na farin rigar. "Injin 'yata ba ya fitar da irin wannan baƙin, sai hannu. Wanda ya ɓata shi zai wanke. Wuce mu tafi, Tudorel."

Fanel ya rantse daga baya cewa da sunan ya fito daga bakinta abokinsa ya rungume zanen ya bi bayanta, ko hular bai mayar ba.

A gidan mai koren shinge ta ajiye masa baho a tsakar gida, ta tura shi ɗakin ajiya ya ɗauko sabulu, don mai ƙanshin nan, in ji ta, ba na wanki ba ne, ta kuma jefa shi a aljihunta. Ya buɗe kabad ɗin da ta kwatanta masa. Daga ƙasa har sama sandunan sabulun masana'anta ne, a jere kamar bulo, sun bushe sun tsattsage, ko ɗaya ba a taɓa jiƙa shi ba. Warin tsohon bunsuru ya buge shi, bai kuwa taɓa jin turare irinsa ba. Ya leƙo ya tambaye ta me ya hana ta amfani da su. Ta ce sabulun banza ne, cin hannu yake yi. Ya ce to me ya hana ta zubar. Ta ce ya cika surutu, ruwa na hucewa.

Hukuma ta zo washegari. Sorana ta sha faɗa, ta sa hannu a kan fanshonsa, ta aiko masa da saƙon tare da kwalbar tsuika. Bayan 'yan kwanaki aka fitar da shuɗin kan jirgin a kashe, wani sabo mai tsabtataccen numfashi na jan sa zuwa Konstantsa. Ya wuce ta gefen koren shinge shiru. Tudorel ya so ya ɗaga masa hannu, amma hannayensa biyu na cikin baho har gwiwa, a kan mayafin teburin Ista da ya ƙi fita duk wankin da aka yi masa. Didina na tsaye a kansa tana nuna masa wani tabo da ya tsallake, tana tambayar tukunyar gawayi daga ina wannan kuma ya fito.

Ya ce mata iska ce. Ta ce ya ci gaba da cuɗawa.